Manhajar hira mai wasa a ciki: a ɗaki ɗaya tana aiki, daga wani gari kuma shiru

Nura:
Assalamu alaikum manyanmu, barkanmu da warhaka. Ƙaninku ne ke neman agaji kan aikin kammala karatu. Manhajar hira nake haɗawa, irin wadda mutane da yawa za su shiga lokaci guda, kowa ya zaɓi ɗakin da yake so, sannan in mutum biyu sun ga dama su buɗe ludo su buga ba tare da sun bar hirar ba. Da Java na rubuta, da soket na yi haɗin, wato ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da wata na'ura. Uwar garken, wato ɓangaren manhajar da duk wayoyi ke haɗuwa da shi, tana kan laftof ɗina, duk wanda ya shigo sai ta ware masa zaren aiki (thread, ɗan sashen aiki mai gudana da kansa) nasa shi kaɗai.

In muna ɗaki ɗaya muka hau hotsifot ɗaya, komai lafiya lau. Amma abokina da ke Gusau na ba shi adireshin IP ɗina ya sa, ko motsi ba ta yi. Sannan wani lokaci in an turo saƙo biyu a jere da sauri sai su fito a manne, wani lokaci kuma rabi ya zo rabi ya ɓata. Ludon ma akwai rigima: jiya wayata tana nuna ɗana ya shiga gida, wayar abokin wasana tana nuna yana waje. Malamin da ke duba aikin ya ce ranar kare aiki sai an gwada a gaban kowa. Don Allah ta ina zan fara?

Kabiru:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kada ka wahalar da kanka, ka ajiye maganar soket ɗin nan ka koma Firebase, tsarin Google da ke riƙe maka rumbun bayanai a intanet. Babu uwar garken da za ka kula da ita, babu maganar IP, saƙo yana shiga rumbun bayanai kowa yana gani nan take. Tsarinsu na kyauta yana ɗaukar mutum 100 a haɗe lokaci guda, kai kuma ko ashirin ba za ka tara ba ranar kare aiki. Cikin mako ka gama ka huta.

Injiniya Bashir:
Nura, kafin ka sauya komai, faɗa mini adireshin da ka tura wa na Gusau. Da wace lamba ya fara?

Nura:
192.168 ne Injiniya.

Injiniya Bashir:
To nan gizo ke saƙar. Duk adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, hotsifot ɗinka ne ya raba wa na'urorin da ke kansa, a wajen ɗakin nan ba shi da wata ma'ana. Miliyoyin na'urori a duniya suna riƙe da irin lambar nan taka a daidai wannan lokaci. Kuma ko da ka shiga intanet ka duba adireshinka na waje ka tura masa, nan ma ba za ta yi ba, saboda kamfanonin layin waya ba sa ba kowane kwastoma adireshin waje nasa. Adireshi ɗaya suke ɗora jama'a da yawa a kai. Kai kana iya fita ka nemi wani, amma wani ba zai iya shigowa ya neme ka ba. Ba laifin kod ɗinka ba ne sam.

Maganinsa uwar garken ta zauna a inda take da adireshin waje na kanta. Ka yi hayar ƙaramar kwamfuta a intanet, ana samu wajen dala 5 zuwa 6 a wata, ka ɗora ta a can. In kuɗin bai samu ba tukuna, akwai ngrok, zai haƙa maka hanya daga waje zuwa laftof ɗinka don gwaji. Amma kada ka dogara da laftof ranar kare aiki, ana ɗauke wuta ko caji ya ƙare shi ke nan kowa ya faɗo.

Maganar saƙonni da ke mannewa kuwa, wannan kusan duk wanda ya taɓa soket ya ci karo da ita. TCP, ƙa'idar da soket ɗinka ke bi wajen kai bayanai, bai san wani abu wai shi saƙo ba. Kamar ka zuba bokiti biyu na ruwa ne a tiyo, wanda ke ɗaya bakin zai samu ruwan duka kuma a jere, amma ba zai san inda bokitin farko ya ƙare ba. Kai ne za ka sa iyaka. Ko dai kowane saƙo ya ƙare da alamar sabon layi, ko ka fara tura tsawonsa sannan shi kansa, mai karɓa ya yi ta karantawa har sai ya cika adadin. Tsarin hira na IRC da Jarkko Oikarinen ya ƙirƙira a Finland a 1988 hanyar farko ya bi: kowane saƙo layi ɗaya, bai wuce bayit (ma'aunin girman bayanai a kwamfuta) 512 ba, kuma har yau ana amfani da shi.

Malama Hauwa:
Bari in ɗora a kan ta Injiniya, don in ka zaɓi tura tsawo akwai tarkon da mu masu rubutun Hausa ne yake kamawa. Ka ƙirga bayit, kada ka ƙirga haruffa. A tsarin UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowannensu bayit biyu ne. Rubuta "ƙarfe": haruffa 5, bayit 6. In ka tura 5 a matsayin tsawo, mai karɓa zai karanta biyar ya bar ɗaya, wannan ɗayan ya shige cikin saƙo na gaba, daga nan duk abin da ya biyo baya ya rikice. Kuma ba za ka gane ba muddin da Turanci kake gwaji. Na fi zargin abin da ke cinye maka rabin saƙo ke nan. Tunda Java ce a ɓangarorin biyu, writeUTF da readUTF suna yi maka wannan lissafin da kansu, iyakarsu dai saƙo kada ya wuce bayit 65,535, hira kuwa ba za ta kai nan ba.

In kuma a rumbun bayanai na MySQL kake ajiye saƙonni, ka zaɓi tsarin haruffa na utf8mb4. Tsohon utf8 ɗinsu bayit uku yake tsayawa, emoji kuma huɗu ne.

Nura:
Wallahi Malama haka ne, length mai ƙirga haruffa nake kira a kan rubutun kai tsaye. Na gwada yanzu da "ƙarfe" sai ga shi ya yanke. Allah ya saka da alheri.

Kabiru:
Kun gani ko? Duk wannan ciwon kan da Firebase ba zai same shi ba. Ni ban fahimci dalilin da ya sa muke son yaranmu su sake ƙera abin da aka riga aka ƙera ba. WhatsApp ma da kuke gani ba daga ƙasa suka faro ba, ejabberd suka ɗauka, manhajar uwar garken hira da wasu suka rubuta da harshen Erlang, suka gyara ta. Lokacin da Facebook ya saye su a 2014 kan dala biliyan 19 ma'aikatansu 55 ne kacal. Da sun tsaya ƙirga bayit da hannu da ba su kai nan ba.

Injiniya Bashir:
Kabiru, misalinka ai ni ya goya wa baya. Sun ɗauki ejabberd, gaskiya ne, amma a kan injinansu suka ɗora, suka yi ta sassaƙa shi har a farkon 2012 suka sanar cewa uwar garke ɗaya tana riƙe haɗi sama da miliyan 2. Wanda bai san yadda soket ke aiki ba ba zai iya wannan ba.

Ni ba na ƙin Firebase. In kwastoma ya zo yana son hira a cikin manhajar shagonsa kafin ƙarshen wata, ni ma shi zan ɗauka. Amma aikin Nura akwai wasa a ciki, kuma matsalarsa ta uku da ba mu taɓa ba tukuna ita ce babba. Nura, wa ke jefa ƙwayar ludon, wayar ɗan wasa ko uwar garke?

Nura:
Wayar ɗan wasa ce. Ta jefa, ta matsar da ɗan, sannan ta tura wa ɗaya wayar cewa ga abin da ya fito.

Injiniya Bashir:
To ka ga kana da alƙalai biyu a wasa ɗaya. Kowace waya tana riƙe da nata allon, tana yanke nata hukuncin. Saƙo ɗaya ya ɓata ko ya makara, allunan sun rabu, kuma babu wanda za a tambaya wanne ne daidai. Wannan in kowa mai gaskiya ne ke nan. In aka samu yaro mai wayo ya buɗe manhajar ya gyara ta, kullum shida zai riƙa fitarwa, kai kuma ba ka da hanyar ganewa.

Allo ɗaya ne, kuma a uwar garke yake zaune. Waya ba ta cewa "na samu shida". Abin da za ta ce shi ne "ina son in jefa". Uwar garke ta duba: layinsa ne? In e, ita ta jefa, ta rubuta, ta sanar da su biyun. Waya ta ce "ina son in matsar da ɗa na uku", uwar garke ta duba ko doka ta yarda, in ba ta yarda ba ta ƙi. Aikin waya ta zana abin da aka gaya mata ta kuma kai roƙo, iyakarta ke nan. In ka tsara haka za ka ga wasan ba wani sabon abu ba ne, nau'in saƙo ne kawai a kan hanyar da hira ke bi. Wannan saƙo nau'insa hira, wancan nau'insa jifa, wancan nau'insa allo.

A Firebase waya ce ke rubutu kai tsaye cikin rumbun bayanai. Don ka hana maguɗi sai ka rubuta dokokin tsaro masu yawa ko ka kai lissafin wasan cikin Cloud Functions, kod ɗin da ke gudana a injinan Google, wato ka dawo ka rubuta uwar garken da ka gudu daga gare ta.

Kabiru:
Na yarda da maganar alƙali ɗaya, wannan babu ja. Amma har yanzu ina kan bakana cewa hirar kanta bai kamata ya ɓata mata lokaci ba. Saura wata nawa ma a kare aikin?

Nura:
Wata biyu da 'yan kwanaki Yaya Kabiru. Amma taken aikin da aka amince da shi akwai maganar soket a ciki, in na sauya sai na koma wajen malamin.

Kabiru:
To shi ke nan, ci gaba da soket ɗinka. Allah ya taimaka.

Zainab:
Ni ma irin aikin nake yi amma a burauza. Zaren aiki ɗaya ga kowane mutum ɗin nan da Nura ya yi, na karanta cewa ba shi da kyau. Gaskiya ne?

Injiniya Bashir:
Ga mutum hamsin ko ɗari babu abin da zai same shi. Tsoron ya samo asali ne tun 1999 da Dan Kegel ya yi rubutu kan yadda inji ɗaya zai riƙe haɗi 10,000, kuma a wannan adadin lallai zare ga kowa yana cin ƙwaƙwalwar inji. Java 21 da ta fito a 2023 ma ta zo da zaruruwa marasa nauyi da suka rage wannan damuwa ƙwarai. Ke da ke burauza WebSocket za ki yi amfani da shi, an daidaita ƙa'idarsa tun 2011, kuma shi yana raba saƙonni da kansa, ba ki da matsalar mannewa.

Abin da ya fi damuna a tsarin Nura wani ne daban, kuma na tabbata yana nan cikin kod ɗinsa ko ban gani ba. In saƙo ya zo, yana bin jerin mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya yana rubuta wa kowa. To a ce na huɗu a jerin yana cikin mota an shiga inda netwok ya yi rauni. Rubutu zuwa gare shi zai cika ma'ajin soket ya tsaya cak, na biyar da na shida da duk sauran suna jira, su da netwok ɗinsu garau. Mutum ɗaya ya daskarar da ɗaki. A hotsifot ba za ka taɓa ganin wannan ba. Gyaran shi ne kowane mutum ya samu layin jiran saƙonninsa, mai rabawa ya ajiye masa a nan ya wuce, wani zaren ya riƙa kwashewa yana tura masa. In layin wani ya cika ya wuce iyaka, a yanke shi, in ya dawo ya karɓi abin da ya wuce shi. Sannan jerin mutanen kansa, ana shiga ana fita a lokacin da ake bin sa, sai ka yi amfani da jerin da aka yi don zaruruwa da yawa, in ba haka ba manhajar za ta riƙa faɗuwa jefi-jefi ba ka san dalili ba.

Sanusi Maraɗi:
Sallama ga jama'a. Ni ba gwani ba ne kamar su Injiniya, amma ina son in yi magana a madadin mu da za mu yi amfani da abin. Mu nan yankewar layi ba abin mamaki ba ne, abin kullum ne. Abin da ke ba ni haushi da wasannin waya da yawa shi ne kana tsaka da cin mutum layi ya ɗauke na daƙiƙa ashirin, ka dawo a ce ka fita an ba shi nasara. Malam Nura don Allah ka sa wasan ya jira mutum.

Sai kuma a rage cin data. Kada a ce kowane motsi sai an sake sauke hoto.

Injiniya Bashir:
Malam Sanusi ka taɓo inda ya kamata. Tunda allon yana uwar garke, yankewar waya ba ta kashe wasa. Amma sai an raba mutum da soket ɗinsa: in ya shiga da kalmar sirri a ba shi wata doguwar lamba ta shaida, in layi ya yanke ya dawo da sabon soket ya nuna lambar, a mayar da shi kujerarsa a tura masa allon yadda yake yanzu.

Akwai abu biyu da ke tafiya da wannan. Layin waya in ya mutu sau da yawa ba ya sallama, uwar garke za ta ci gaba da ɗauka mutum yana nan. Don haka kowane daƙiƙa 20 ko 30 a tura ɗan ƙaramin saƙon "kana nan?", in an tura biyu ko uku ba amsa a ɗauka ya tafi. Wannan ɗan saƙon yana kuma hana na'urorin kamfanin layi rufe haɗin da suka ga ya yi shiru. Na biyun, kowane saƙo a ɗaki ya samu lamba a jere. Wanda ya dawo ya ce "na tsaya a 418", a ba shi daga 419. Haka saƙon da waya ke turawa ta sa masa shaida tata, don in ta sake turawa saboda ba ta ji amsa ba, kada ya fito sau biyu.

Malam Tukur:
Masha Allah, hirar nan ta yi albarka. Ni tsohon ɗan 2go ne. Yaran yanzu ba su san cewa a kan Nokia mai madannai, da ɗan kuɗin kati kaɗan, mun kwana muna hira da mutanen Legas da Jos ba, ana ta neman tauraro ya hau har a kai Master. Daga Afirka ta Kudu manhajar ta fito amma a Najeriya ta fi samun jama'a, kuma dalilin bai wuce rashin nauyinta ba. Don haka ina bayan Malam Sanusi.

Amma Nura ina da tambaya kan ludon. Me ya sa ludo? Ka san akwai iyaye da malamai da ba sa sakin jiki da duk wasan da ake jefa ƙwaya, saboda hadisin da ya zo a Sahihu Muslim kan wasan nardi. Ni ba malami ba ne, ba fatawa nake bayarwa ba, amma in kana son manhajar ta shiga gidajenmu ka yi tunani. Ga dara nan, babu sa'a a cikinta sai dabara, kuma tamu ce. Gida 30, layi biyar gida shida-shida, kowa 'ya'ya 12. Ku zuba ɗaya bayan ɗaya, in an gama zubi a fara turi gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa ɗaya. Ludo akwai shi birjik a Play Store. Ranar kare aiki in malamai suka ga dara a waya wallahi sai sun tashi daga kujera sun leƙa.

Abu ɗaya da zan roƙe ka da babbar murya: kada wani ya zuga ka ka sa zubin kuɗi. Ana sa kuɗi ya zama caca, mun ga abin da ta yi wa samari a unguwanni.

Sanusi Maraɗi:
Baba Tukur ka gama magana. Mu ma nan ana buga ta a ƙasa da tsakuwa da 'yan itace. Sai dai a wajenmu lokacin zubi ba a yarda ka jera uku ba, kuma in ka jera huɗu ba ci ba ne.

Malam Tukur:
Na zubi haka yake a wajenmu ma. Na huɗun ne na ga ana saɓani, wasu sun ce ba ci ba ne kawai, wasu sun ce turin ma haramun ne ba a yin sa. Sai kuma ɗan da ke cikin jerin uku, mu ba ma cin sa.

Injiniya Bashir:
Ta fuskar aiki ma dara ta fi masa sauƙi. Allon gaba ɗaya harafi 30 ne: babu kowa, nawa, naka. Motsi lamba biyu ne, daga ina zuwa ina. Ko a layi mafi rauni wannan zai wuce. Kuma saɓanin da su Baba Tukur ke yi yanzu shi ne dalilin da ya sa doka za ta zauna wuri ɗaya a uwar garke. Nura ka zauna da dattijo ɗaya da ya iya, ka rubuta dokokin a takarda kafin ka taɓa kwamfuta, ka nuna su a manhajar kafin a fara wasa don kada a yi musu.

In daga baya ka ƙara Whot, ka tuna ita akwai ɓoyo. Kada ka tura wa waya katunan abokin wasa ka ce ai ba za ta nuna ba. Duk abin da ya isa waya an gani. Kowa a tura masa nasa hannun da adadin katunan ɗayan kawai.

Malama Hauwa:
Kun yi ta maganar layi da allo, ba wanda ya yi maganar mutanen da za su shiga ɗakin. Baba Tukur ya tuna daɗin 2go, ni kuma abin da na tuna shi ne mace ba ta isa ta shiga ɗaki da sunan mace ba sai saƙonnin banza sun yi mata ruwa. Ƙawayena da yawa da sunan maza suke shiga, wasu suka bari gaba ɗaya. Nura, tun yanzu ka sa maɓallin toshe mutum da na kai ƙara, kuma kada baƙo ya iya tura saƙon sirri ko gayyatar wasa sai an karɓa. Gayyatar wasa ita ma hanyar takura ce in babu iyaka. Kowane ɗaki ya samu mai kula da zai iya fitar da mutum. A kuma taƙaita yawan saƙon da mutum ɗaya zai tura cikin daƙiƙa goma.

Sunaye ma ka lura. Ɗanladi, Danladi da D'anladi a wajen kwamfuta mutum uku ne, a idon mai karatu mutum ɗaya. Haka ake sojan gona a karɓi kuɗin mutane da sunan wani. Kafin ka karɓi sabon suna ka mayar da shi ƙananan haruffa, ka cire lanƙwasa da alamomi, ka duba ko akwai mai kama da shi.

Kalmar sirri kuma kada ka ajiye ta yadda aka rubuta, ka bi da ita ta bcrypt ko Argon2, masu rikita ta yadda ba za a iya karanta ta ba. Ka sa TLS a haɗin don saƙo ya tafi a rufe a hanya, Let's Encrypt suna ba da takardar shaida kyauta. Kada ka nemi lambar waya ko ranar haihuwa in ba ka da abin yi da su, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023 a Najeriya, kuma abin da ba ka karɓa ba ba za a sace a hannunka ba.

Kabiru:
Malama wannan ai jerin aikin kamfani ne. Yaro ɗaya, wata biyu. A bar shi ya samu makinsa, in abin ya girma ya ƙara.

Malama Hauwa:
Malam Kabiru, toshe mutum tebur ɗaya ne mai layi biyu a rumbun bayanai da sharaɗi ɗaya kafin a tura saƙo. Bcrypt layi uku ne na kod. Wuni ɗaya ya ishe shi. Kuma manhajar ba ranar kare aiki za ta fara haɗuwa da mutane ba, 'yan ajinsu zai tura wa su gwada, cikinsu akwai mata, kuma kalmar sirrin da za su sa ita ce dai ta imel ɗinsu da ta Facebook, mun san halinmu. In rumbun ya fita hannunsa su za su kwana a ciki. Ni ɗaliban da nake dubawa ba na sa hannu a aikin da ya ajiye kalmar sirri tsirara, ko da komai nasa yana aiki.

Abin da zan yarda a bari shi ne ɓoye saƙo daga waya zuwa waya irin na WhatsApp. Su kansu sai a 2016 suka kammala shi, da ƙa'idar Signal. Nura kada ka taɓa wannan, kuma kada ka rubuta a babi na uku cewa kana da shi. Ka faɗi gaskiya: saƙo a rufe yake a hanya, amma uwar garke tana iya karantawa.

Kabiru:
Na bcrypt da toshewa na sallama. Mai kula da ɗaki da tace sunaye dai ina ganin za su iya jira.

Zainab:
Malama ni na ɗauki na sunayen, ban taɓa kawo shi a raina ba. Na gode.

Nura:
Manyanmu ga inda aka kwana. Na samu malamin ya yarda a mayar da ludo dara, har ya ce kakansa gwani ne. Na ɗora uwar garken a kwamfutar haya, mu huɗu muka yi karo-karo da 'yan ajinmu masu irin aikin, kowa da lambar ƙofarsa (port) da ake shiga tasa manhajar a kwamfutar. Daga Gusau yanzu ana shiga. Saƙonni sun daina mannewa. Layin jira ga kowane mutum na yi, bcrypt da toshewa na yi, dawowa bayan yankewa ina kai.

Inda na tsaya: in mutum ya yanke a tsakar wasa, har yaushe za a jira shi? Na sa minti ɗaya sai na tuna maganar Malam Sanusi. In kuma na bar shi ba iyaka, wanda ya ga za a cinye shi zai kashe data ya tafi abinsa. Sannan in aka rufe fuskar waya na ɗan lokaci haɗin yana mutuwa ko layi lafiya.

Sanusi Maraɗi:
Minti ɗaya ya yi kaɗan gaskiya. Ko uku.

Malam Tukur:
Ni a ganina a bar wa wanda ke jira zaɓi. Bayan minti uku a tambaye shi: ka karɓi nasara ko a ajiye allon sai ya dawo? In abokinka ne ka san wuta aka ɗauke masa, ka ajiye. In baƙo ne ka ga alamar gudu, ka karɓa.

Injiniya Bashir:
Shawarar Baba Tukur ta fi duk abin da zan kawo, kuma ba ta da wuya tunda allon harafi 30 ne da bayanin wanda ke da layi, ka ajiye a rumbun bayanai ko uwar garke ta mutu ta tashi yana nan. Agogon dai a uwar garke zai zauna, kada ka yarda da lokacin da waya ta faɗa.

Mutuwar haɗi in an rufe fuska Android ne ke yi da gangan don tanadin batir, tun sigar 6 da ta fito a 2015 aka sa wannan, wasu wayoyin ma sun fi tsanantawa. Kada ka yi faɗa da shi. Ka bar haɗin ya mutu, in an buɗe manhajar ta sake haɗawa ta karɓi abin da ya wuce. Don sanar da mutum cewa layinsa ya zo kuwa, nan sai ka koma wajen Kabiru, Firebase Cloud Messaging ne hanyar.

Kabiru:
Wannan na iya shi. Nura ka neme ni ta saƙon sirri ranar Asabar bayan Isha'i mu haɗa shi tare, ka zo da fayil ɗin da ke karɓar motsin dara in duba inda za mu saƙala sanarwar.

Nura:
In sha Allah Yaya. Baba Tukur, saura hukuncin jera huɗu, wanne zan rubuta?

Malam Tukur:
Rubuta cewa ba a yin turin da zai jera huɗu, uwar garke ta ƙi shi. Malam Sanusi in kana da ja ka faɗa kafin ya rubuta.

Sanusi Maraɗi:
Ba ni da ja Baba. A turo mini manhajar in ta kammala, ni zan gwada muku ita daga nan.